Bindigar Iska Da Hukuncin Abin Da Ta Kashe

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobin gida da na dawa, Ya halatta masa naman mafi yawansu, sa'an nan Ya sanya masa iyaka game da yadda zai ɗauki ransu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi bindigar iska mai sifirin, watau irin bindigar nan wadda ba ta cin albarushi, wadda akan karya bututunta a ɗana ta, a sa mata ɗan ƙanƙanin harsashi na dalma guda ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauke ta abin wasan samari. Amma fa duk sa'ad da aka auna ta ga kurciya ko hasbiya ko zomo, to, an shiga babin farauta na littattafan fiƙihu ke nan, domin rai za a ɗauka, nama kuma za a kai gida. Naman nan yana iya zama halal, yana kuma iya zama mushe, kuma rabin amsar tana hannun mai saye tun yana tsaye a kanti, kafin ya taka daji.

Matsayin Farauta A Shari'a

Asalin farauta halal ce. Alƙur'ani Mai Girma ya yi maganarta a wurare da dama cikin Suratul Ma'ida: aya ta 4 ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, aya ta 94 ta ambaci naman dajin da hannaye da māsu suke cim masa, aya ta 95 da ta 96 kuwa suka hana farautar tudu ga wanda yake cikin harami. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa sun kori wani zomo a Marruz Zahran, Anas ya kama shi, Abu Ɗalha ya yanka shi ya aika wa Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, da cinyarsa, shi kuwa ya karɓa.

Sai dai malaman Malikiyya sun ce hukuncin yakan sauya gwargwadon nufin maharbi. Wajibi ce ga wanda ba shi da wata hanyar ciyar da kansa da iyalinsa sai ita. Abin so ce ga mai neman yalwata wa iyali ko yin sadaka. Halal ce ga mai ci ko mai sayarwa. Makaruhi ce ga wanda nishaɗi kaɗai ya fitar da shi, kamar yadda Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya bayyana a cikin Risala. Haramun ce kuma ga wanda take sa shi tozarta salla, ko wanda yake kashewa ya zubar. Saboda haka tambayar farko da mai son sayen bindiga zai yi wa kansa ita ce: me zai yi da abin da ya harbo?

Huda Ko Duka

Dabbar gida da yanka take halatta. Naman daji kuwa, da yake ba ya tsayawa a kama shi, sai Shari'a ta yi sauƙi, ta mayar da raunin da makamin maharbi ya yi masa a kowane sashe na jiki a matsayin yanka. To, amma wane irin rauni? Nan ne gindin mas'alar.

Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta jera abubuwan da aka haramta ci, a cikinsu har da wadda ake kira mauƙuza da Larabci, watau dabbar da aka buga da sanda ko dutse ko wani abu mai nauyi har ta mutu. Adiyyu ɗan Hatim, Allah Ya yarda da shi, mutum ne ma'abucin farauta, sai ya tambayi Annabi, mai tsira da amincin Allah, game da wani makamin jifa da Larabawa suke kira mi'irali, wanda yake da tsini a kai da kauri a tsakiya. Amsar da aka ba shi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka kawo, ta raba hukuncin gida biyu: in tsinin ne ya sami dabbar ya huda ta, a ci, in kuwa gefen ne ya buge ta ta mutu, kada a ci, domin bugaggiya ce. Makami ɗaya, maharbi ɗaya, dabba ɗaya, amma hukunci ya bambanta saboda yadda makamin ya sauka.

Imamu Malik ya kawo abin da yake ƙarfafa wannan a cikin Muwaɗɗa. Nafi'u ya jefi tsuntsaye biyu da dutse a wani wuri da ake kira Jurfu, ya same su duka. Ɗaya ya mutu nan take, Abdullahi ɗan Umar ya jefar da shi. Na biyun ya ɗauko zai yanka, sai ya mutu kafin a kai ga yankan, shi ma ya jefar da shi.

Daga nan za a gane hukuncin abin da yara suke kashewa da danƙo da majajjawa, da zomon da mafarauta suke kayarwa da kere ko gora. Duk wanda ya mutu da bugun nan mushe ne. Wanda aka riska da rai aka yanka shi ne kaɗai ake ci, shi ma da sharaɗin a wurin Malikiyya cewa bugun bai riga ya lalata ɗaya daga cikin makasa ba. Makasa kuwa guda 5 ne: tsinkewar lakar gadon baya, da fitar ƙwaƙwalwa, da zubowar kayan ciki, da yankewar jijiyar wuya, da hujewar hanji.

Daga Ƙwallon Yumɓu Zuwa Harsashin Dalma

Sunayen kayan harbi da kansu suna ɗauke da tarihin wannan mas'ala. Kalmar bindiga daga Larabci ta zo, daga bunduƙiyya. Bunduƙ kuwa a littattafan magabata wani ɗan ƙwallo ne na yumɓu da akan mulmula a busar, a harba shi da wani irin baka. Haka nan harsashi daga arrasas yake, watau dalma, albarushi kuma daga albarud. Abdullahi ɗan Umar ya hukunta cewa abin da ƙwallon yumɓu ya kashe mauƙuza ne, domin nauyinsa ne yake kisa, ba ya huda.

Da bindigar albarushi ta bayyana, sai malamai suka tarar da abin da magabata ba su yi magana a kansa ba. Shehu Dasuƙi, wanda ya rasu a 1815, ya bayyana a cikin Hashiyarsa a kan sharhin Muhtasar na Shehu Dardiri cewa harbi da albarushi ya fito ne a wajen tsakiyar ƙarni na 8 na Hijira, kuma malaman baya sun saɓa a kansa. Waɗansu suka hana, suna kwatanta shi da ƙwallon yumɓu. Waɗansu kuwa, irin su Alƙauri da Ibn Gazi da Manjur da Abdulƙadir Alfasi, dukkansu malaman Magrib, suka halatta, saboda harsashin dalma yana zubar da jini, yana kuma gaggauta fitar rai, waɗannan kuwa su ne dalilan da suka sa aka shar'anta yanka. Shehu Dardiri, wanda ya rasu a 1786, ya kawo cewa ana cin abin da harsashi ya kashe domin ya fi makami mai kaifi ƙarfi. A kan wannan ne aikin mafi yawan Malikiyya ya gudana, ko da yake akwai malamai, musamman cikin Shafi'iyya, waɗanda suka tsananta.

Mai lura zai ga cewa waɗanda suka halatta ba su rataya hukuncin ga albarushi ba, ga huda da zubar jini da saurin kisa suka rataya shi. Bindigar iska kuwa tana tsakanin biyun ne. Mai ƙarfi daga cikinta, a tazarar da ta dace, tana huda kamar kibiya. Mai rauni, ko mai ƙarfin da aka harba daga nesa ƙwarai, harsashinta yakan bugi tsuntsu ya karya masa fiffike ko ya farfasa masa ciki ba tare da ya ratsa fata ba, ta koma daidai da danƙo. Shi ya sa zaɓen wannan bindiga ya zama al'amarin addini.

Yadda Bindigar Take Aiki

A cikin jikin bindigar akwai wani ɗaki dogo na ƙarfe, a cikinsa da fistin, a bayan fistin kuma da sifirin mai kauri. Idan aka karya bututun aka ja shi ƙasa, sai fistin ya koma baya ya danne sifirin, ya maƙale. Da an taɓa kunama sai ya kuɓuce, sifirin ya ingiza shi gaba da ƙarfi, ya matse iskar da take ɗakin, ita kuwa ta fita ta wata 'yar ƙaramar kafa ta tura harsashin. A cikin bututun akwai tsaga-tsaga masu murɗawa, su ne suke sa harsashi ya tafi yana juyawa don kada ya karkace.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin BSA na Birmingham a Ingila ya fara ƙera irinta tun 1905, kamfanin Weihrauch na Jamus kuma ya fito da samfurinsa HW35 a 1951. Akwai kuma Diana ta Jamus, da Gamo ta Sifen, da Hatsan ta Turkiyya. Waɗansu bututunsu ake karyawa, waɗansu kuwa bututun a kafe yake, da wani hannu na ƙarfe a ƙasa ko a gefe ake ɗana su. Masu karyewa sun fi rashin nauyi da saurin ɗuri, masu kafaffen bututu sun fi nauyi, amma ba su da gaɓar da za ta yi sako-sako da tsufa.

Akwai waɗansu bindigogin iska da ake cika wa iska da famfo na musamman, da waɗanda suke aiki da 'yar kwalbar gas. Fifikon mai sifirin ga mutumin ƙauye shi ne ba ta bukatar komai sai harsashi da ƙarfin damtse. Aibinta kuwa shi ne tana zabura idan an harba, don haka sai an koyi riƙonta.

Abin Da Za A Duba Wajen Saye

Na farko shi ne ƙarfi. Ana auna ƙarfin harsashi da ma'aunin da ake kira jul, wanda yake haɗa nauyinsa da gudunsa. A Ingila, tun 1969 doka ta sanya iyaka a wajen jul 16 ga bindigar iskar da ba ta bukatar takardar babbar bindiga, kuma da masu wannan ƙarfin ne maharban can suke kashe zomaye da tantabarun daji a tazarar mita 25 zuwa 30. Wannan ya nuna cewa jul 16, ko abin da ya yi kusa da shi, ya ishi ƙananan namun daji. A Jamus kuwa iyakar da ake sayarwa ba lasin ita ce jul 7.5, irin waɗannan don harbin allo aka yi su. Ƙasa da su akwai bindigogin yara masu harba ɗan ƙwallon ƙarfe ta bututu marar tsaga, waɗanda ƙarfinsu bai wuce jul 2 ko 3 ba. Waɗannan ba makaman farauta ba ne, kuma auna su ga mai rai azabtarwa ce tsantsa.

Kada kuma mai saye ya ruɗu da manyan lambobin gudu da akan rubuta a jikin kwali. Sau da yawa da harsashi mai sauƙin nauyi ƙwarai ake samun su. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a sakan ɗaya, harsashin bindigar iska kuwa idan ya kusanci wannan gudu yakan fara tangaɗi, ya bar inda aka auna. Har ila yau bindiga mai tsananin ƙarfi ta fi wuyar ɗanawa, ta fi zabura, ta fi wuyar saiti. Ƙarfin da ya sauka a cinyar zomo bai kai rabin amfanin matsakaicin ƙarfin da ya sauka a kansa ba.

Na biyu shi ne faɗin baki. Waɗanda suka fi yawa iri biyu ne: mai milimita 4.5, wadda ake rubuta wa .177, da mai milimita 5.5, wadda ake rubuta wa .22. Harsashin ta farkon nauyinsa wajen rabin giram ne, kuma a bindiga mai jul 16 yakan fita da gudun wajen mita 240 a sakan, saboda haka tafiyarsa ta fi miƙewa, kuskuren ƙiyasin nisa ba ya cutar da shi sosai. Na ta biyun ya kusa giram ɗaya, gudunsa wajen mita 180, yakan sunkuya da wuri, amma raminsa ya fi faɗi, jini ya fi zuba. Duka biyun suna huda. Wanda tsuntsaye ne mafi yawan abin harbinsa, ƙaramar ta ishe shi. Wanda zomo da kurege yake nema, kuma ya iya ƙiyasta nisa, babbar ta fi dacewa da shi. Ya kuma duba wace ce harsashinta yake samuwa a garinsu, gama bindigar da ba harsashi sanda ce.

Na uku shi ne harsashin kansa. Mai shafaffen kai don huda takarda aka yi shi, ƙarfinsa yakan zube da sauri. Mai tsini yana da kyan gani, kuma mai karatu zai zaci shi ne ya fi kusa da kibiya, amma sau da yawa tsininsa ba ya zama daidai tsakiya, sai ya kauce idan tazara ta yi nisa. Mai kai kamar ƙubba shi ne wanda maharba suka fi yarda da shi, domin ya fi riƙe hanya, kuma yana ratsa fata da ƙashin kai a tazarar farauta. Shari'a ba siffar harsashi take dubawa ba, aikinsa take dubawa. Sa'an nan kowane bututu yana da irin harsashin da ya fi karɓa, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na huɗu shi ne nauyi da kunama. Irin waɗannan bindigogi sukan kai kilo 3 zuwa 4 da rabi. Mai nauyi ta fi kwanciya a kafaɗa, amma mai yawo a daji tun hantsi zai ji ta. Ya kamata mai saye ya ɗauke ta ya ji ko ƙotar ta zauna masa, ya tambayi nauyin ɗanawarta, ya kuma tabbatar tana da makullin tsaro. Kunama mai tauri takan sa hannu ya fizge a daidai lokacin harbi, mai laushin da ya wuce kima kuwa takan tashi ba a shirya ba.

Na biyar shi ne madubin hange. Bindiga mai sifirin tana zabura baya, sa'an nan ta zabura gaba idan fistin ya kai ƙarshe, wannan girgiza mai fuska biyu kuwa takan lalata madubin da ba don ita aka ƙera shi ba, ko da mai tsada ne. Wanda zai sa madubi ya nemi wanda aka yi domin irinta. Wanda idonsa yake da kyau kuma ba ya wuce mita 20, saitin ƙarfen da yake jikin bindigar ya wadatar da shi.

Wanda zai sayi ta hannu kuma ya duba ko bututun ya lanƙwashe, ko gaɓar tana girgiɗi, ko robar bakin ɗakin iska ta cinye, domin sifirin da ya gaji da robar da take yoyo sukan zubar da rabin ƙarfin bindiga mai ita bai sani ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Gwaji Kafin Shiga Daji

Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Aus hadisin da yake wajabta kyautatawa a cikin kowane abu, har a wajen kisa da yanka, tare da umurnin wasa wuƙa da hutar da abin yanka. Shi ne na 17 a cikin Arba'una Hadisan na Imamu Nawawi. Wasa wuƙar maharbi ita ce iya saitinsa. Wurin da ake kashe zomo nan take, tsakanin ido da gindin kunne, faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba. Saboda haka sai mutum ya zana da'ira mai faɗin santimita 3 a kwali, ya jingina shi da tudun ƙasa, ya harba sau 5. Nisan da yake iya zuba duka biyar ɗin a cikin da'irar, shi ne iyakarsa a daji. In mita 15 ne, to, mita 15 ne, har sai hannunsa ya faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana wannan bindiga suna horo da a riƙe ta sakwa-sakwa, a ɗora gabanta a kan tafin hannu, kada a damƙe ta, kada kuma a ɗora ta a kan dutse ko reshe kai tsaye, a kuma riƙe ta iri ɗaya a kowane harbi. Kada a harba ta babu harsashi, domin fistin zai daki ƙarfe ya lalace. Kada a ɗura man inji a ɗakin iska, domin zafin matsi yakan kunna shi ya ƙone roba. Kada a ajiye ta a ɗane. Lokacin ɗuri kuma hannu ɗaya ya riƙe bututun, don kada ya koma da ƙarfi ya datse yatsa.

Gwajin nan a kan kwali ake yinsa. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas hani ga mayar da abu mai rai abin koyon harbi. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske waɗansu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa da kibau, da suka gan shi suka watse, shi kuwa ya sanar da cewa Annabi ya la'anci mai yin haka. Ƙadangaren bango da ɗan tsuntsun da yake kan waya suna cikin wannan hani.

Sharuɗɗan Da Suke Kan Maharbi

Bindiga ta gari ba ta isa ita kaɗai ba. A mazhabar Malik ana son maharbi ya zama Musulmi mai hankali da wayo, ya yi niyyar halatta dabbar da harbinsa, ya kuma ambaci sunan Allah a lokacin da zai saki kunama. In ya bari da gangan ba a ci, in mantuwa ya yi ana ci. Wanda ya auna gwangwani sai harsashi ya sami kurciya ta mutu, ba ta halatta ba, domin babu niyya.

Ana kuma son abin harbin ya zama na daji wanda ba a iya kama shi sai da wahala. Kaza da agwagwa da akuya ba sa halatta da harbi ko sun gudu sun ƙi kamuwa. Naman dajin da ya riga ya faɗa tarko yana hannu, shi ma sai yanka.

Bayan harbi sai ya bi abin da ya harba da hanzari, wuƙarsa kuma tana jikinsa inda hannu zai kai gare ta nan da nan. In ya tarar ya mutu, ga rauni ga jini, halal ne. In ya tarar da sauran rai amma harsashi ya sami makasa, an so ya yanka shi domin ya hutar da shi. In kuwa bai sami makasa ba, yanka ya zama wajibi: ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Wanda ya yi nawa wajen bi, ko ya bar wuƙar a cikin jaka ko a hannun abokin tafiya har dabbar ta mutu alhali da ya iya riskarta, ya mayar da ita mushe da sakacinsa. Haka nan wadda ta faɗa ruwa aka tarar ta mutu ba a san ko harsashi ne ko ruwan ne ya kashe ta ba, hadisin Adiyyu ya hana cinta. Wadda ta ɓace ta kwana a daji, Risala ta nuna a bar ta. Wanda ya duba gawar bai ga huda ba, bai ga jini ba, to, ya sani bugu ne ya yi kisan. Da yake harsashin bindigar iska ƙanƙane ne, zai fi kyau mutum ya mayar da yanka al'adarsa ga duk abin da ya riska yana motsi, ta haka ya fita daga saɓanin malamai.

Ya kuma san iyakar makaminsa. Zabon daji gashinsa yana da kauri, sai a kai ko a wuya. Gada da barewa kuwa sun fi ƙarfin wannan bindiga ƙwarai, ba abin da za ta yi musu sai rauni mai ruɓewa. A Ingila ma dokar 1991 ta hana harbin barewa da bindigar iska. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga kashe alhudahuda, ya kuma ruwaito yadda Annabi ya umurci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Mai imani zai ɗaga wa tsuntsaye ƙafa a lokacin da suke kwanci da ciyar da 'ya'ya. Kafin a dafa nama kuma a cire harsashin tare da naman da yake kewaye da shi, domin dalma guba ce, ta fi kuma cutar da yara. Saboda wannan dalili ne bai kamata a riƙa ajiye harsashi a baki ba.

Haƙƙin Jama'a Da Dokar Ƙasa

Abdullahi ɗan Mugaffal ya ruwaito cewa Annabi ya hana wasan harba tsakuwa da yatsu, ya kuma faɗi dalili: ba ta kamo nama, ba ta kashe abokin gaba, amma tana karya haƙori, tana tsiyayar da ido. To, in tsakuwa ke nan, ina ga dalmar da take gudun mita 200 a sakan, wadda in an ɗaga baki sama takan yi tafiyar fiye da mita 300 kafin ta faɗo? Bindigar iska ta makantar da mutane, ta kuma kashe waɗansu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hani ga nuna ɗan'uwa da makami. Saboda haka ba a auna ta ga mutum ko babu harsashi, ba a harbi cikin gari ko kusa da hanya da rijiya, ba a harbi sai an ga abin da yake bayan abin harbin, kuma ba a bar wa yaro ita sai da babba a tsaye. Uban da ya saya wa ɗansa ya sake shi, alhakin idon ɗan maƙwabci yana wuyansa. Tantabarun maƙwabci dukiyarsa ce, wanda ya harbe su ya ci haram ko ya yanka, kuma biya ya hau kansa. Gonar wani ma ba a shiga sai da izninsa.

A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da lasin daga hukumar 'yan sanda, saboda haka ofishinsu ne wurin zuwa na farko kafin kanti. Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 da dokar soja ta 1985 mai kare halittun da suke gab da ƙarewa sun hana taɓa waɗansu dabbobi da tsuntsaye, farauta kuma haramtacciya ce a gandun daji irin na Yankari a Jihar Bauchi. Bin irin waɗannan dokoki da aka kafa domin tsare rayuka da maslahar jama'a yana cikin ɗa'ar da aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da ita.

Abin da za a riƙe daga darasin shi ne, wanda yake da bukatar wannan bindiga ya nemi izinin hukuma, ya zaɓi mai ƙarfin da zai huda, mai saitin da ba ya ƙarya, ya koyi hannu a kan kwali, ya tsaya a tazarar da ya iya, ya yi bisimilla, wuƙa tana ƙugunsa. Wanda ya ga ba zai iya cika waɗannan ba, kasuwa tana nan da naman da aka yanka, babu laifi a kansa.

Allah Ya ciyar da Musulmi da halal, Ya tsare su daga haram da shubuha, Ya sanya tausayin halittunSa a zukatansu. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya so.